Bangon sunaye ko kabarin sojan da ba a sani ba?

Ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa wajen karrama sojojin da suka kwanta dama a fagen daga.

Bangon yaƙin Biyetnam da aka buɗe a Washinton a 1982 na ɗauke da sunayen sojojin Amurka sama da 58,000. Uwa kan ɗora takarda kan sunan ɗanta, ta goga fensir har sunan ya fito a takardar, ta tafi gida da ita. Sai dai sassaƙa dutse na cin kuɗi, kuma tsallake suna ɗaya fama wa iyali miki ne.

Kabarin kuwa, kamar na Landan tun 1920, ya haɗa kowa, domin sojan da ke ciki na wakiltar duk waɗanda suka rasu, amma babu sunan shafawa.

Ƙasar da rajistar sojojinta ta cika, bango ya fi mata. Wadda takardunta suka ɓace, kabarin ya dace da ita.