Mai malafar kaboyi a jirgin Jack Sparrow

Daren Asabar na sake zama na kalli Pirates of the Caribbean na farko, wanda ya fito a 2003, don ƙanena ya rantse wai akwai baƙon da ya ɓato hanya ya faɗo cikin fim ɗin. Ashe da gaskiyarsa. Dab da ƙarshe, inda Johnny Depp, mai fitowa a matsayin Kyaftin Jack Sparrow, ya koma jirginsa yana daka wa yaransa tsawa, in ka tsayar da hoton za ka hango wani a bayansa can gefe, da farar riga da malafar kaboyi, yana kallon teku abinsa. Ma'aikacin fim ne ya tsaya inda bai kamata ba. Sau uku ina mayarwa baya, har ƙanen nawa ya ce in bar shi ya ga ƙarshen labarin.

Daga nan sai idona ya buɗe. Koren tuffan nan da Kyaftin Barbossa, mugun fim ɗin, ke ta kwaɗayi, irin Granny Smith ne, kuma sai a 1868 aka samo irinsa a Ostareliya, shekara ɗari da ɗoriya bayan zamanin labarin. Wannan na yafe, tunda mai kwaɗayin tuffan ma kwarangwal ne in farin wata ya haska shi.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Port Royal, garin bakin teku na cikin labarin. A fim, ganuwar sojoji na kan dutse mai tsayi, har Elizabeth, jarumar fim ɗin, ta sume ta faɗo teku daga can. Garin na gaskiya a Jamaika shimfiɗe yake a kan tsirin yashi, dab da ruwa. Yashin nan ne ma ya ci shi: girgizar ƙasa ta 7 ga Yunin 1692 ta nutsar da kusan kashi biyu cikin uku na garin, mutum wajen 2,000 suka halaka nan take. Masu fim sun ɗauki sunan, suka tafi tsibirin St Vincent suka ɗauki hoton tashar jirgin. Ni da labarin garin da ya nutse suka taɓo, da ya fi tsinuwar zinariyar Cortés, wadda ta mai da su Barbossa kwarangwal, ban tsoro.

Ban yi da-na-sanin datar da na ƙona ba. Tafiyar mayen Depp har yanzu tana sa ni dariya, Geoffrey Rush kuma, wato Barbossa, ya iya mugunta. Na ba shi 7 cikin 10, ɗaya daga ciki na mai malafa ne.