Wata takwas ina bitar Faransanci da Anki

Ranar da na fara buɗe Anki, manhajar bita da katuna, a wayata saura kaɗan in goge shi. Babu ado, babu wasa, farin allo ne kawai da rubutu. Damien Elmes ne ya fitar da shi a 2006, sunan kuma kalmar Jafananci ce mai nufin hadda. Aikinsa ke nan, bai kuma taɓa yi mini alƙawarin wani abu ba.

Kati kake rubutawa, tambaya a gaba, amsa a baya. Sai ya nuna maka gaban, ka lalubo amsar a kanka, sannan ka juya ka faɗi gaskiya: ka manta, ka tuna da ƙyar, ka tuna, ko kuwa ta zo cikin sauƙi. Wanda ka manta, yanzun nan zai dawo. Wanda ka tuna sai ya ɗaga shi zuwa gobe, daga nan kwanaki, har ya kai watanni. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya gwada a kan kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu. Lissafin tazarar kuma Anki ya samo shi ne daga wata manhajar bita mai suna SuperMemo ta Piotr Woźniak, ɗan ƙasar Polan.

Inda ya fi yi mini rana shi ne jinsin kalmomi. Mu a Hausa rana mace ce, wata namiji. Faransanci sai ya juya su: le soleil namiji, la lune mace. Na daɗe bakina yana cewa la soleil, don a kaina rana ai "ta fito" ake cewa. Da na rubuta katin da kalma ɗaya tilo, kullum sai na faɗi. Sai na canza shi zuwa jimla, "le soleil se lève", na haɗa da murya da hoton fitowar rana. Sau huɗu na gan shi ya zauna. Yanzu sai bayan wata uku zai sake leƙo ni.

Wahalar da na sha kuwa ni na jawo wa kaina. Manhajar tana farawa da sababbin kati 20 a rana, ni kuma na ga kamar raini ne, na mai da su 60, na kuma sauko da tarin katunan da wani ya haɗa, kalmomin da ban taɓa cin karo da su a karatu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na yi mako guda ban buɗe ba, na dawo na tarar da sama da 800 suna jirana. Duk na share, na koma 10 a rana, kuma sai abin da na gani da idona a littafi ko na ji a rediyo.

Kada wanda ya ɗauka Anki zai buɗe masa baki. Kwanan nan wani ya tambaye ni hanya da Faransanci, duk kalmomin suna kaina, amma haɗa su ya gagara, na ƙare da nuni da hannu. Wannan sai da abokin hira. Anki dai minti 15 nake ba shi kowace safiya, yau kati 64 ya miƙo mini, na faɗi a 5.