Gam, Zafi Ko Leza: Kafin Ka Sayi Injin Haɗa Gilashi Da Ƙarfe

Inda gizo ke saƙar wajen haɗa gilashi da alminiyom shi ne in zafi ya taso alminiyom na buɗewa kusan ninki bakwai na gilashin borosiliket (irin gilashin nan mai jure zafi), shi ya sa waldar da muka saba ba ta ma shiga lissafi, tsagewa kawai gilashin zai yi.

Gam dai shi ne mai arha, kuma gaskiya ga yawancin aiki ya wadatar. Matsalarsa da tafiya ta yi nisa yana tsufa, kayan su ɗan goce daga inda aka saita su, sannan yana fitar da wani tururi da ke dusashe madubin na'ura, in kyamara ce ko abin da za a harba sararin samaniya to ka shiga uku. Akwai kuma manne gilashi da silikon (abin da ake yin ƙananan kayan lantarki da shi) ta hanyar zafi da ƙarfin lantarki, yana da ƙwari amma sai an gasa kayan gaba ɗaya wajen digiri 300 zuwa 400, duk wani abu mai laushi da ke ciki ya tafi.

Leza mai saurin walƙiya, wato haske mai ƙarfi da ake harbawa a gajerun walƙiyoyi, ita ce ake ta yayi. Hasken na ratsa gilashin ya tattaru daidai inda fuskokin biyu suka haɗu, ya narkar da ɗan wuri ƙanƙani, gefe ko ɗumi ba ya yi sosai. A 2019 masu bincike na jami'ar Heriot-Watt a Sikotland sun nuna waldar gilashi da alminiyom da taitaniyom da ƙarfen da ba ya tsatsa da lezar pikosakan (ana auna tsawon walƙiyarta da pikosakan, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan), haɗin ya jure daga -50 har 90 a ma'aunin Selshiyos.

To pikosakan ko femtosakan? Ni dai in ƙarfe da gilashi ne pikosakan zan fara dubawa, walƙiyar femtosakan ta fi gajarta kuma injinsa ya kan fi tsada, ba kowa ke buƙatarsa ba. Amma fa dillali ba zai yi saurin gaya maka cewa dole ɗaya cikin kayan haske ya iya ratsa shi ba, kuma fuskokin su yi sumul su manne, tazarar 'yan maikiron kaɗan (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙura ɗaya ta maƙale a tsakani ta ɓata aikin, wato kuɗin gogewa da matsewa da ɗaki mai tsabta na nan suna jiranka bayan kuɗin injin.

Ka tura wa masu sayar da injin samfurin kayanka su yi walda, ka sa shi zafi da sanyi ka ja shi ka gani. In guda ɗari kawai kake yi a shekara, ba da aikin waje ya fi maka sayen injin.