Inshorar ajiya ta NDIC: tana biya, amma ba ta gargaɗi

Mai asusu a bankin Najeriya ba ya biyan ko sisi don samun kariyar hukumar NDIC, wato hukumar inshorar kuɗin ajiya ta Najeriya mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, domin bankunan ne ke zuba kuɗin inshorar duk shekara, ita kuma hukumar, wadda ta fara aiki a 1989, tana binciken littattafansu tare da Babban Bankin Najeriya.

An ga ingancin wannan hidima a watan Yunin 2024, lokacin da Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. An yi dace, domin ba a daɗe ba da ɗaga iyakar abin da ake biyan kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Da lambar BVN aka gano asusun da mutane ke da shi a wasu bankuna, aka tura wa da yawa kuɗinsu ba tare da bin layi ba, kuma a nan hukumar ta cancanci yabo. Amma wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5, irin dillalin hatsi a Dawanau da ke tara kuɗin kaka wuri guda, sai ya jira a sayar da kadarorin bankin, a karɓo basussukansa, sannan a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan.

Inda hidimar ta gaza, a ganina, shi ne wajen sanar da jama'a. Ma'aunan lafiyar banki ba ɓoyayyu ba ne: jarin banki kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na kadarorinsa bayan an auna haɗarinsu, ko kashi 15 idan yana da lasisin ƙasa da ƙasa; kadarorin da za a iya mayarwa kuɗi nan take kada su gaza kashi 30 na ajiyar jama'a; bashin da ya maƙale kuma kada ya wuce kashi 5 na duk bashin da bankin ya bayar. Masu bincike sun san matsayin kowane banki, amma makin da suka ba shi sirri ne, rahoton shekara na hukumar kuwa alƙaluman bankuna a dunƙule yake nunawa. Hujjarsu tana da ƙarfi, tunda ambaton sunan banki mai rauni zai iya haddasa rububin cire kuɗi har ya durƙusar da shi, sai dai babban mai ajiya ne ke ɗaukar asarar wannan shiru.

Kariyar ta kowane mutum ce a kowane banki, ba ta kowane asusu ba, saboda haka buɗe asusu biyu a banki ɗaya ba ya ƙara komai. Mai kuɗi da yawa gara ya raba su a bankuna daban-daban, ya kuma tabbatar sunansa a kowane asusu ya yi daidai da na BVN.