Yaya, ku karanta wannan kafin ku taso Landan

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya Anti? Na ga saƙonku cewa biza ta fito, Alhamdulillah, Allah ya kawo ku lafiya. Kun tambaye ni nawa za ku riƙo na kwana goman, toh gaskiya ya danganta da yadda kuka yi a kwana biyun farko, don garin nan kusan komai farashi biyu gare shi, akwai na baƙon da ya sauko jirgi a gajiye yana jin kunyar tambaya, akwai na ƴan gari, kuma kayan iri ɗaya ne wallahi. Ranar da za ku sauka ina wajen aiki har dare, ba zan samu zuwa taryarku ba, shi yasa nace bari in rubuto komai.

Dan Allah kar ku yi canji a filin jirgi. Ni ranar da na fara zuwa na ga wani kanta an rubuta ɓaro-ɓaro wai babu kamasho, na miƙa dalolina ina murna, sai da na shigo gari na ga allon wani ɗan shagon canji na lissafa na gane abin da aka zabge min ya isa cefanen sati. Kamashon yana cikin farashin ne suka ɓoye. In kuma za ku sayi fam tun kafin ku taso, ku duba kar a haɗa ku da tsofaffin takardu, ƴar fam 20 da ƴar fam 50 na takarda an daina karɓarsu a shaguna tun ƙarshen Satumbar 2022, yanzu na leda ne suke yawo, masu santsi da ɗan gurbi da ake gani ta ciki. Sannan in kun saka kati a na'ura ta tambaye ku ko a cire da fam ko da kuɗin ƙasarku, ku zaɓi fam kullum, ɗayan tarko ne, su za su yanka muku farashin da suka ga dama.

Daga filin jirgin Heathrow zuwa cikin gari jirgin ƙasa uku ne. Heathrow Express minti 15 ya kai ku tashar Paddington amma wajen fam 25 ne mutum ɗaya, ku lissafa ku da Anti. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana tsakiya a kuɗi da sauri, fes-fes ga fili na akwatuna. Layin Piccadilly shine na talakawa irina, wajen fam 6, zai ɗauke ku kusan awa ɗaya kuma yana da ɗan matsi, amma ai kun riga kun yi awanni a sama, me awa ɗaya za ta ƙara? Baƙar tasin nan da kuke gani a fim kam a bar ta a fim, mita ce, kuna tsaye a cunkoso tana ta ƙirga.

Yanzu maganar shiga mota da jirgi a cikin gari, anan ne kuɗi yake zirarewa ba a sani ba don haka ku nutsu. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014, ko kun miƙa direba kallonku kawai zai yi. Kati ake ɗorawa a kan wani ɗan faifai rawaya yayi ƙara tiit, ko katin banki mai taɓawa ko katin Oyster da ake saya a tasha a zuba masa kuɗi. Ni shawarata ku ɗauki Oyster, don katin bankin waje wani lokaci ya ƙi wani lokaci bankin ya ɗora nasa cajin. Kowa da katinsa, ba a taɓa wa mutum biyu da kati ɗaya. A jirgin ƙarƙashin ƙasa za ku taɓa wajen shiga ku taɓa wajen fita, kuma da katin da kuka shiga da shi za ku fita, ni na taɓa shiga da waya na fita da ainihin katin bankin da na haɗa da wayar ina ganin ai abu ɗaya ne, ashe a wajensu tafiya biyu ce da ba a ƙarasa ba, aka cire min kuɗi mafi tsada har sau biyu, laifina ne ba na kowa ba. A bas kuwa wajen shiga kaɗai ake taɓawa, fam 1.75, kuma duk bas ɗin da kuka sake hawa cikin awa ɗaya kyauta ne. Akwai kuma iyaka ta rana, in kuɗin ya kai wani adadi sai ya daina cirewa ko sau nawa kuka hau, shi yasa sayen tikitin takarda ɗaya-ɗaya asara ce zalla. Ranakun aiki daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma jirgi ya fi tsada, ku da ba ofis za ku ba ku yi baccinku ku fito bayan tara da rabi.

Yara ƴan ƙasa da shekara 11 ba sa biya in suna tare da babba mai kati, har guda huɗu, sai ku bi ta faffaɗar ƙofar da masu keken jarirai suke bi. Babban naku tunda ya kai 13 ku samu ma'aikacin tasha ku ce ya saka masa rangwamen yara baƙi a Oyster ɗinsa, rabin kuɗi ne har kwana 14, amma fa sai kun tambaya, ba wanda zai zo ya ce muku.

Za ku ga jajayen bas marasa rufi da masu rabon takarda suna ta kiranku yawon ganin gari, sama da fam 30 kowane mutum. Ku hau bas mai lamba 15 ku haye sama ku zauna kujerar gaba, za ta bi da ku ta Tower of London da St Paul's har Trafalgar Square a kuɗin bas na kullum, illa dai ba mai yi muku surutu a kunne. Manyan gidajen tarihi kuma shigarsu kyauta ne, British Museum, National Gallery, Science Museum, da Natural History Museum inda ƙasusuwan wani ƙaton kifi suke rataye a saman zauren shiga, yaran nan sai kun ja su da ƙarfi za su fito. Akwai akwatin gudummawa a bakin ƙofa, ganin dama ne. In kuna son hangen gari daga sama Sky Garden kyauta ne, sai dai a kama gurbi ta intanet tun da wuri, zan yi muku wannan.

Abinci, toh. Duk gidan cin abincin da yake kallon wani abin tarihi kuɗin kallon kuke biya. Da rana ku shiga Tesco ko Sainsbury's akwai haɗin da suke yi na sanwici da lemo da ɗan abin taɓawa wajen fam 4, ku dai karanta jikin leda saboda naman alade, na kifi ko ƙwai ko cuku ya fi kwanciyar hankali. Cefane kuwa Aldi da Lidl sun fi sauƙi, kuma ƙananan rassan da ke tsakiyar gari sun fi manyan tsada ko da suna ɗaya ne a saman ƙofa. Da yamma ana manna rawayar takarda a kayan da ranarsu ta kusa, farashi ya faɗi warwas, kar Anti ta ji kunya, ni da Turawa masu kwat muke rububin su. In kuna son ku zauna ku ci halal ku ƙoshi ku je Whitechapel wajen babban masallacin gabashin Landan, ku yi sallah ku ci abinci a layi ɗaya. Ruwan famfo ana sha lafiya lau, ku riƙe gora, a gidan abinci ma ku ce na famfo kuke so in ba haka ba na kwalba za a kawo a rubuta. Ku duba ƙasan rasit, da yawa suna ƙara kashi 12.5 na hidima, in sun saka ba sai kun ƙara komai ba.

Tsaraba kar ku saka rai da za a mayar muku da haraji a filin jirgi kamar yadda mutanen da suka zo da can suke faɗa, an soke wannan tun farkon 2021. Shagunan Primark da TK Maxx sun ishe ku, kuma ran Lahadi manyan shaguna awa 6 kawai suke buɗewa, kar ku bar sayayya sai ranar. Rigunan sanyi kar ku saya, ina da biyu da za su yi muku, na Anti da yara kuma akwai shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a unguwarmu zan duba ran Asabar, ku turo min sayis ɗinsu da lambar jirgin da sunan otal ɗin da kuka gani kafin ku biya, in duba ko yana kusa da tasha.