Lemun tukunya a lokacin hunturu: cikin ɗaki ko tsakar gida?

Hajiya, barka da sanyi. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai gari ya waye in amsa a tsanake. Kin ce ɗiyarki da ke aure a Ingila ta nuna maki ta waya yadda ta kwashe tukwanen lemunta ta shigar falo tun watan Oktoba, ta kuma ce ki yi haka da lemun tsami biyu da kike da su a Daura kafin jaura ta kashe su. Shi ne kike tambaya, a shigar ko a bari a waje?

Ki bar su a waje. Ita ma ɗiyar taki daidai ta yi, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma tunda na taɓa gwada duka biyun a gidana nan Katsina, bari in ajiye maki su kusa da juna ki gani da kanki.

Shekara uku da suka wuce na sayi dashen lemun tsami biyu masu aure a rana ɗaya, na sa su a tukwanen ƙasa iri ɗaya. Da sanyi ya kama, uwargida ta ce ɗaya zai yi kyau a falo, ni ma na ce ai ya huta da iska. Ɗayan na bar shi a gindin katanga, don babu wurin ajiye shi a ciki. Kafin sati shida na falo ya zubar da fiye da rabin ganyenshi, kullum da safe sai an share. Na waje ya yi furu-furu da ƙura kamar wanda ya dawo daga kasuwar Mai'adua a bayan a-kori-kura, gefen wasu ganyen ya bushe, amma yana nan tsaye da ganyenshi. Da sanyi ya fara raguwa shi ne ya yi fure. Na falo sai da damina ta zauna sannan ya farfaɗo.

Mu fara da sanyin, tunda shi ne abin da ake tsoro. Abin da ke kashe lemo shi ne ruwan da ke cikin ganye da rassa ya daskare, kuma hakan ba ya faruwa sai ma'aunin zafi ya kai sifili ko ya yi ƙasa da shi. Lemun tsami irin namu, ƙaramin nan mai kaifi, ya fi sauran dangin lemo raki a wannan fannin. A Ingila dare kan sauka ƙasa da sifili sau da yawa a Disamba da Janairu, don haka wanda ya bar tukunyarshi a waje ya yi sadaka da ita. Turawa sun daɗe da wannan wahala. A fadar Basai ta ƙasar Faransa, tsakanin 1684 da 1686, an gina wa Sarki Luwi na 14 wani katafaren gini na musamman don itatuwan lemo, kuma har yau itatuwa sama da dubu ne ake shuka su a akwatuna, a jawo su ciki in sanyi ya zo, a fitar da su wajen watan Mayu. Mu kuwa, duk muku-mukun da muke kuka da shi, da asubar Janairu ma'auni kan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ya ɗan yi ƙasa. Wannan yana sa mu neman bargo da kaskon wuta, amma bai kai ya daskarar da ko ɗigon raɓa ba. Iyakar abin da yake yi wa lemo shi ne ya rage mashi sauri, domin saiwarshi kan daina aiki sosai in ƙasa ta yi sanyin da ya kai wajen digiri 13. Da hantsi ya ɗaga tukunya ta ɗumama, ya ci gaba da sha'aninshi.

Inda ɗaki ke faɗuwa warwas shi ne haske. Lemo na son rana kai tsaye ta awa shida zuwa takwas. A Landan, ranar tsakiyar Disamba gaba ɗayanta ba ta cika awa 8 ba, ga gajimare, shi ya sa wasunsu har fitila ta musamman suke kunna wa tukwanen. Mu a Katsina da Daura, ko a ranar da ta fi gajarta a shekara muna da sama da awa 11, kuma ko ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar Gobarau daga nesa, hasken tsakar gida ya ninka na falo sau da yawa. Idon mutum ne ke ruɗinmu, yana sabawa da duhu sai mu ga kamar ɗaki da haske. Ki duba yadda muke gini: taga ƙarama, ga wayar sauro, ga ƙarfe, ga labule, sannan a hunturu duk a rufe suke saboda ƙura. Itacen da ya saba da rana ya wayi gari a nan, ganyen da ba ya iya ciyarwa sai ya sake shi. Abin da ya faru da nawa ke nan.

Ruwa kuma shi ne wurin da mutane suka fi yin ɓarna, don dokar waje da ta ciki sun saɓa wa juna. A waje iskar hunturu na tsotse tukunyar ƙasa da sauri, tamkar yadda take busar da shanya kafin azahar, don haka za ki iya samun kanki kina ban-ruwa duk bayan kwana biyu. A ɗaki ƙasar kan yi sati ko fiye tana jiƙe, domin itacen ba ya sha. Matsalar ita ce hannu ya riga ya saba. Ana ganin ganye na zuba sai a ce ƙishi ne, a ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya ƙara zuba, a sake ƙarawa. Ni kaina haka na yi ta yi da na falo, har sai da na ɗaga tukunyar na ji warin laka a ƙasanta. Ko a ina yake, ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki ƙyale shi. In ta bushe ki zuba sosai har ruwa ya fito ta hujin ƙasa, kuma kada a bar tukunya zaune cikin faranti mai ruwa. Wannan zubawa har ya fita yana da wani amfani ga masu ruwan rijiya ko burtsatse mai gishiri-gishiri: yana wanke farin abin nan da ke taruwa a bakin tukunya, wanda ke ƙona bakin ganye. Da hantsi ake ba shi, ba da daddare ba.

To ina laifin waje? Yana da shi, iska da ƙura ne. Iskar na tasowa daga arewa maso gabas, tana ɗebo ƙura tun daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, kuma a bushe take ƙayau. Yadda take fasa mana leɓe da kaushi haka take yi wa sabon toho. Sai dai wannan yana da magani mai sauƙi. Ki tsaya a tsakar gida ki fuskanci alƙibla. Daga gabanki ta hannun hagu iskar ke shigowa. Ki kai tukwanen gindin katangar da ke hannun hagunki, wato ta arewa, ta cikin gida. Katangar za ta tare iska, kuma da yake a wannan lokacin rana ta karkata kudu take bi, wurin zai wuni cikin haske. Da dare ma ginin yana sakin ɗumin da ya tara. Ki rufe bakin tukunya da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma kada ya taɓa jikin itacen. Sau ɗaya ko biyu a sati a wanke ganyen da ruwa, sama da ƙasa. Ɗaki bai tsira daga bushewar ba, musamman inda ake kwana da garwashi. An gudu ne ba a tsira ba.

Wankin ganyen nan ba kwalliya ba ce. Akwai wasu ƙwari ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu, suna zama a bayan ganye suna yin saƙa siririya kamar yanar gizo. Bushewa da ƙura su ne abincin ransu. In kin ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa mashi gari, su ne. Akwai kuma farin nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar reshe, da wani mai manne wa jiki kamar ƙurji, dukansu suna fitar da ruwa mai danƙo da ke jawo kiyashi. Duka ana samunsu ciki da waje, amma a ɗaki suka fi sakewa, don babu abin da ke cinsu, kuma ba wanda zai ɗauki buta ya yi wa itace wanka a kan kafet. Ni da ruwan sabulun wanki kaɗan nake fesa masu, ko in daka 'ya'yan bedi in jiƙa su kwana in tace. Da yamma ake fesawa, kada rana ta haɗu da shi ta ƙona ganye.

Taki a taƙaice: na ɗaki kada a ba shi komai, na waje a dakata sai sanyi ya fara raguwa an ga toho, sannan a sa ruɓaɓɓen kashin awaki ko takin zamani ɗan kaɗan a gefen tukunya.

Akwai riba ɗaya da na ɗaki ke asara wadda ba kowa ya lura da ita ba. Lemo na yin fure ne bayan ya ɗan sha wuya, ko ta sanyin dare ko ta ƙarancin ruwa. Manoman tsibirin Sisili a Italiya da gangan suke hana itatuwansu ruwa na wasu makonni a lokacin zafi, sannan su sake masu shi, sai su ɓarke da fure. Hunturunmu na ba da wannan a kyauta. Sanyin daren nan ne ma ke sa ɓawon lemun zaƙi ya juya ruwan ɗorawa. Shi ya sa lemun da ake kawo mana daga Binuwai, inda dare ba ya irin wannan sanyin, yakan zo kore shar alhali ya nuna har ciki.

Ban ce ba a taɓa shigarwa ba. Wanda ke zaune a gidan sama ba shi da tsakar gida, ko gidan da awaki ke yawo sakaka (akuya ba ta jin ƙayar lemo, ku tambaye ni), dole ya yi dabara. In ya zama tilas, a nemi tagar da ke kallon kudu, a yaye labule, a matsa tukunya har jikin gilashi, a riƙa juya ta duk sati, a goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma, a rage ruwa sosai. Baranda ko bakin zaure mai samun rana ya fi kowace taga. Ga awaki kuwa, kewaye da waya ya fi araha.

In kin riga kin shigar da su, Hajiya, kada ki fitar da su tsakiyar rana lokaci guda, ganyen da ya saba da inuwa toyewa yake yi. A fara da hantsin awa biyu, a riƙa ƙarawa har sati ɗaya ko kwana goma. Reshen da ya zama tsirara kada a yi saurin sare shi. Ki kankare ɓawon da farce, in kin ga kore a ciki yana da rai.

Lokacin da za ki tashi tsaye a kansu yana gaba, Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke haura 40. A nan ne gindin katanga da daɓen siminti ke zama tanda, baƙar robar shuka ta dafa saiwa. Da kin ji sanyi ya ɗauke ki janye tukwanen zuwa inda za su sha hantsi, inuwar bedi ko rumfa ta rufe su daga azahar, ki ɗora su a kan bulo ko katako. In a roba suke, ki zura robar cikin tsohuwar randa mai huji. Ki gaida ɗiyar taki, ki ce mata ita ta ci gaba da shigar da nata.