Kafin ka sayi abin gwada zaiba a ruwa

'Yar na'urar nan mai kama da biro da masu ruwan leda ke tsomawa a kofi lamba ta fito, TDS ake ce mata, kuma yawan gishirin da ya narke kawai take aunawa. Zaiba ba ta ganinta ko kaɗan. In tsoronka zaiba ne, musamman in rijiyarka tana kusa da inda ake wanke zinari ko ƙona shi da zaiba, kada ka ɓata kuɗinka a kanta.

Abin da ake tallatawa yanzu shi ne ruwan gwaji ko takarda mai ƙwayoyin zinari ko azurfa ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin zinarin ja suke in suna warwatse. In zaiba ta sa suka dunƙule sai launin ya koma shuɗi ko shunayya. Na azurfa ruwan ɗorawa ne, yana kodewa in ya haɗu da zaiba. Cikin mintuna kaɗan ka ga sakamako, ba wuta, ba janareta.

Amma tambayi mai sayarwa abu ɗaya kafin ka biya: mene ne mafi ƙanƙantar adadin da yake iya ganowa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 6 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a lita ɗaya ta ruwan sha, ma'aunin Najeriya kuwa 1 ne. Kayan da ba ya canza launi sai zaiba ta kai maikurogiram 50 a lita, ruwa mai guba zai nuna maka lafiya lau. Duba ranar lalacewarsa, ka kuma tambayi yadda ake ajiye shi, domin zafin Afrilu a Katsina kan haura digiri 40, kuma ƙwayoyin kan dunƙule da kansu in sun sha zafi. Ruwan zartsi ma yana iya juya launin alhali babu zaiba.

Wannan ne ya sa ban yarda a gwada fitsari ko jini da shi a gida ba. Gishiri da furotin da ke cikinsu suna rikita launin. Mai ƙona zinari da hannunsa ya fara rawa, ko baiwar Allah da ta daɗe tana shafa man bilicin mai zaiba, likita ya kamata su gani, a kai fitsarinsu ɗakin gwaji mai na'urar auna ƙarafa da ake kira AAS ko ICP-MS. Zaibar da ke shiga jiki ta hanyar cin kifi kuwa a gashi ko jini ake nemanta.

Ni dai da zan saya wa unguwarmu, mai zinarin zan ɗauka don tantance rijiyoyi da yawa cikin sauƙi. Duk wadda ta canza launi, a ɗebi ruwanta a kwalbar gilashi, ba robar lemo ba, a kai ɗakin gwaji da wuri, a kuma daina sha har sakamako ya fito. Tafasawa ba ta maganin zaiba.